“Beware” Ba Shi da Jiya: Gyara Kan Yadda Muke Koyar da Lokutan Ingilishi a Damagaram

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Matamai ya shiga Daura ya wuce Kano, da wuya a ce bai ga kalmar “beware” rubuce a jikin katanga ko ƙyauren gida ba. Wani wuri ana gargaɗi ne game da kare, wani wurin kuma game da ƴan damfara masu sayar da gidan da ba nasu ba. Ma’anarta dai a yi hattara. Aikatau ne, kowane ƙamus zai tabbatar da haka. To amma a ba ɗalibin ajin ƙarshe na lise wannan aikatau, a ce ya mai da shi shuɗaɗɗen lokaci. Nan take zai rubuta “bewared”, ya kuma ci gaba da “he bewares” da “they are bewaring” idan an nema. Bai karya ƙa’idar da aka koya masa ba ko ɗaya, sai dai babu ɗaya daga cikin siffofin nan uku da mai Ingilishin yau ke furtawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ra’ayina shi ne wannan ɗan aikatau da ba a cika jin sa ba ya tona asirin wata babbar matsala a yadda muke koyar da lokutan Ingilishi, kuma maganin matsalar yana cikin Hausar da ɗaliban suka shigo aji da ita.

Mu fara da shi kansa aikatau ɗin. “Beware” haɗin kalmomi biyu ne tun asali: “be” da kuma “ware”, wata tsohuwar sifa mai ma’anar faɗake, ƴar’uwar “aware” da “wary”. Da aka manne su suka zama kalma guda, sai sabuwar kalmar ta tsaya a wuraren da “be” ke iya fitowa da siffarsa tsurarta: a umarni, kamar “beware of the dog”; bayan “to”, kamar “he told us to beware”; da bayan mataimakan aikatau irin su “must” da “should”. Duk inda “be” zai rikiɗa ya koma “is” ko “was”, to a nan “beware” ya ja birki. An taɓa samun marubutan da can da suka gwada liƙa masa ɗafa-ƙeya, amma masu harshen ba su karɓa ba. Wanda ke son ya ce wani ya yi hattara jiya, sai ya zaga ya ce “he was wary” ko “he took care”. Ke nan aikatau ne mai giɓi, kuma tarihinsa ne ya haifar da giɓin.

Irin wannan giɓi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna cewa “yaka”, “yaki”, “yaku” idan muna kiran mutum, amma ba mai cewa “jiya ya yaka”. Sai dai “ya zo”. Muna cewa “za ni kasuwa” da “ina za ka?”, wakilin suna na bin baya saɓanin sauran aikatau, kuma ba a taɓa jin “na za kasuwa jiya” ba. Malaman zaure na cikin Birni da ke karantar da nahawu da sarfu sun daɗe da sanin wannan babi, domin a Larabci akwai aikatau daskararru irin su “laisa” da “ni’ima” da “bi’isa”, waɗanda ba su sarrafuwa. “Laisa” ma siffarsa ta shuɗaɗɗen lokaci ce, ma’anarsa kuwa ta yanzu. Faransanci shi ma yana da nasa, kamar “gésir” wanda ya rage a rubutun kan kabari da wasu ƴan wurare, da “falloir” wanda ba ya ɗaukar kowa sai “il”. Idan haka ne, me ya sa ɗalibinmu, wanda ke ɗauke da wannan sani a harsuna biyu ko uku, yake cike gurbin “beware” ba tare da ko ɗar ba?

Amsar tana cikin jadawali. Yaron da ya shiga lakwal a Zinder ya koyi Faransanci ta hanyar haddar sarrafa aikatau: lokaci kaza, wakilan suna shida, gurbi shida. Littafin Bescherelle, wanda ya ci sunan wani masanin nahawu na Faransa na ƙarni na 19, shi ne madogara. Wannan hanya ta dace da Faransanci, saboda harshe ne da ke sauya ƙarshen aikatau bisa lokaci da mai aiki. Da yaron ya shiga kwaleji aka fara masa Ingilishi, sai aka miƙa masa wani jadawalin mai gurbi goma sha biyu, aka ce waɗannan su ne lokutan Ingilishi. Darasin da ya ɗauka a ɓoye shi ne kowane aikatau yana da haƙƙin shiga kowane gurbi, kuma kowane gurbi na Ingilishi yana da takwaransa a Faransanci. Dukkan zatukan nan biyu ba daidai ba ne. “Beware” ya rushe na farko. Na biyun ya fi haɗari, domin yana ɓata jimlolin yau da kullum, ba kalmar da ake cin karo da ita sau ɗaya a shekara ba.

Idan aka dubi ƙirar kalma, lokuta biyu kaɗai aikatau na Ingilishi ke nunawa da kansa: “walk” da “walked”, “go” da “went”. Sauran duk ginin jimla ne da mataimaka. Babban littafin nahawun Ingilishi da Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka fitar a Kambirij a 2002 ya tsaya kan cewa harshen ba shi da lokaci mai zuwa irin na ɗafi, kuma “will” ɗan gidan su “can” da “must” ne. Abin da ya cika gurabun goma sha biyu shi ne haɗuwar lokaci da wani abu daban, wanda zan kira yanayin aiki. Lokaci yana amsa tambayar yaushe: kafin magana, ko a yayinta, ko bayanta. Yanayin aiki kuwa yana amsa tambayar yaya ake kallon aikin: ya kammala, yana gudana, ko an saba yin sa. Bernard Comrie ya keɓe wa kowannensu littafi guda, na yanayin aiki a 1976, na lokaci a 1985, don a daina cakuɗa su. Mu kuwa har yau muna zuba su a ƙwarya ɗaya mu kira su lokuta.

A nan ne Hausa ke da abin cewa. Littattafan nahawunmu sun saba da sunaye irin su shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci da lokaci sabau, amma a gwada su a gani. Direban da ke shirin tashi daga Zinder yana iya cewa, “Gobe war haka mun isa Agadas.” Ga “mun”, wanda muke kira shuɗaɗɗe, yana magana kan gobe. Wani ya ce, “Jiya war haka ina karatu.” Ga “ina”, wanda muke kira mai ci, yana magana kan jiya. Mai cewa “na sani” ko “na gaji” yanzu yake nufi. Karin maganar nan “kowa ya bar gida, gida ya bar shi” ba ta ɗaure da jiya ko gobe, gaskiya ce ta kullum, duk da haka da siffofin kammala aka gina ta. Paul Newman a babban nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun nuna cewa yanayin aiki ne ya fi rinjaye a wannan tsari na Hausa, sau da yawa kuma bayanau irin su jiya da gobe, ko zancen da ya gabata, su ke tsai da lokacin. Ma’ana, Bahaushe tun yana goye yake rarrabe aikin da ya kammala da wanda ke gudana, wato ainihin abin da Ingilishi ke nema a wurinsa.

Ga misalai huɗu da kowane malamin kwaleji zai gane su daga takardun da yake gyarawa. Na farko, Faransanci na cewa “je mange” ko ana cikin ci ko an saba ci. Ingilishi ya raba su, “I am eating” da “I eat”. Hausa na da “ina ci” da “nakan ci”. Gaskiya ne “ina” yakan shiga hurumin sabo, kamar a “ina zuwa masallaci kullum”, amma bambancin yana nan a harshen, malami na iya nuna shi da jimla biyu. Na biyu, Faransanci na cewa “quand il viendra”, da lokaci mai zuwa, shi ya sa ɗalibi ke rubuta “when he will come”. Ingilishi “when he comes” yake so. Bahaushe kuwa “idan ya zo” yake cewa a wannan ma’ana, bai sa “za” ba. Da ta Hausa ɗalibin ya bi, da bai yi tuntuɓen ba.

Na uku shi ne wanda ya fi cin maki a jarrabawa. Siffar “j’ai vu” ta yi kama da “I have seen” kamar an tsaga kara, amma aikinsu ya bambanta. Ta Faransanci ta zama shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum, tana tafiya da “hier” lami lafiya. Ta Ingilishi ba ta yarda da tsayayyen lokacin da ya wuce, saboda haka “I have seen him yesterday” kuskure ne. Abin da take nunawa shi ne aikin baya wanda tasirinsa ke nan har yanzu. Hausa na da makamancin wannan rabo. Idan aka ce “baƙi sun zo”, mai ji zai fahimci suna nan, a kawo ruwa. Idan kuwa ana ba da labari aka ce “suka zo, suka zauna, suka tashi”, to jerin abubuwan da suka wuce ne. Masanin harshe na Jami’ar Abdu Mumuni ta Yamai, Mahamane L. Abdoulaye, ya yi nazarin wannan a wata maƙala ta 2008, inda ya nuna cewa siffar “suka” a cikin labari tana aikin shuɗaɗɗen lokaci sosai. Na huɗu, “have you ever been to Kano?” daidai take da “ka taɓa zuwa Kano?”, “already” kuma ita ce “riga”, “not yet” ita ce “ba tukuna”. Waɗannan makullai ne da ke aljihun ɗalibi, mu kuma muna tura shi ya nemo na aro.

Wannan ɗabi’a ta auna harshe da mudun wani harshen tana da tarihi, kuma tarihin ya ratsa ƙasar Damagaram. Dorugu, wanda aka haifa wajen 1840 a Dambanas kusa da Kance, an kama shi bauta yana yaro, daga baya Adolf Overweg ya ƴanta shi. Ya yi tafiye-tafiye tare da Heinrich Barth, ya isa Ingila a 1855. Daga bakinsa James Frederick Schön ya samu kaso mai yawa na Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ita, labarin rayuwarsa kuma ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. Schön ya yi aiki mai daraja, amma da ma’aunin da ya sani ya auna, wato na nahawun Turai wanda ya gaji Latin. An ɗauki lokaci mai tsawo kafin masana su bayyana tsarin aikatau na Hausa bisa yadda yake a karan kansa. Dorugu ya rasu a Kano a 1912, bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa. Abin lura shi ne yau jikokin maƙwabtansa suna koyon Ingilishi ta jadawalin harshe na uku, Hausarsu kuma an bar ta a bakin ƙofar aji tare da takalma.

Wani zai ce ai wannan gardamar masana ce, ba ta shafi kowa ba. Ta shafa. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko me mutum ke gani game da wannan mataki, ya ɗaga darajar Ingilishi a takarda, kuma takarda ba ta koyar da kowa. Ɗan Damagaram da zai nemi gurbin karatu a Jami’ar Bayero ta Kano ko ta Ahmadu Bello a Zariya, da wanda zai rubuta taƙaitaccen bayanin kundinsa don mujallar ƙetare, da wanda zai yi tafinta tsakanin likita baƙo da majinyaci, duk suna buƙatar su san bambancin “he has taken the medicine” da “he was taking the medicine”. Ta farko tana cewa ya sha, ta biyu tana cewa yana sha a wancan lokacin, ba ta faɗi ko ya ci gaba ba. Kuskure a nan ya wuce asarar maki. Zinder kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Garin da ya fara wancan gwaji bai kamata ya ji nauyin wannan ba.

Akwai hujjojin da ke ƙalubalantar ra’ayina, kuma ba na raina su. Ta farko, Hausa ba ta taimako a ko’ina. Muna cewa “shekara goma ke nan ina zaune a Zango”, Faransanci ma da lokacin yanzu yake faɗin haka, alhali Ingilishi na son “I have lived” ko “I have been living”. A nan harsunan biyu sun haɗu sun ja ɗalibi zuwa kuskure guda. Haka kuma “na sani” na iya sa yaro ya rubuta “I have known” inda ake son “I know”. Na yarda. Sai dai malamin da ya san inda Hausa ta dace da Ingilishi shi ne kuma zai san inda ta saɓa, ya yi gargaɗi tun kafin a faɗa ramin. Harshen uwa yana aiki a kan ɗalibi ko an ambace shi a aji ko ba a ambata ba. Gara a fito da shi fili a san inda ya dosa.

Ta biyu, ba kowane ɗalibi ne Bahaushe ba. A azuzuwanmu akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa. Wannan gaskiya ce, ko da yake mafi yawan yaran da suka tashi a cikin gari suna jin Hausa. Ƙa’idar da nake karewa ba ta Hausa kaɗai ba ce: a fara daga harshen da yaro ya fi ƙwarewa a ciki. Wanda ya san Barbarci ko Fulatanci ya yi irin wannan kwatanci da su, ya ƙara mana ilimi. Ta uku, jarrabawar BEPC da ta Bak suna tambayar a sa aikatau a siffar da ta dace, kuma jadawali na taimakawa wajen hadda. Ban ce a ƙone jadawali ba. Faransanci ma yana da amfaninsa, musamman wajen tarin kalmomin da ya yi tarayya da Ingilishi a kansu. Abin da nake cewa shi ne jadawali ya zo a ƙarshe, a matsayin taƙaitawa, bayan ɗalibi ya fahimci abin da kowace siffa ke nufi. Wanda ya fahimta ba zai kasa cike gurbi ba, amma masu cike gurbi da yawa sun kasa rubuta wasiƙa.

To me ya kamata a yi? Shawarata uku ce, kuma dukkansu ba su fi ƙarfinmu ba. Da farko, a raba darasin lokaci da na yanayin aiki, a gabatar da na biyun da misalan Hausa kafin a kawo sunayen Ingilishi. Minti goma a kan “sun zo” da “suna zuwa” da “sukan zo” za su rage wa malami wahalar makonni. Na biyu, a riƙa koyar da aikatau tare da abokan tafiyarsa da wuraren da yake fitowa, a kuma faɗa wa ɗalibi ƙarara cewa wasu gurabun fanko ne. “Beware” misali ne mai kyau na fara wannan. “Went” ma haka, domin asalinsa shuɗaɗɗen lokacin wani aikatau ne daban, “wend”, wanda “go” ya ƙwace, aka bar “wend” a lungu cikin “wend one’s way” da sabuwar siffa “wended”. Yau akwai rumbunan rubutu a intanet, irin su British National Corpus mai kalmomi kusan miliyan 100, inda ɗalibi zai duba da idonsa ko ana faɗin abu ko ba a faɗa. Gani ya kori ji.

Ta uku ta rataya a wuyanmu, mu ɗaliban kimiyyar harshe da malamanmu na Jami’ar André Salifou. Muna buƙatar ɗan littafi na kwatanci, mai jera jimlolin Hausa da Faransanci da Ingilishi gefe da gefe, yana nuna inda suka haɗu da inda suka rabu, wanda malamin kwaleji a Magarya ko Mirya zai iya sa shi a jaka. Sai an gina shi a kan Hausar da ake yi a nan, wadda aka naɗa daga bakin mutane a kasuwar Dole da unguwannin Birni, domin karin harshe ya bambanta: a Tawa da Sakkwato “munka” da “sunka” ake cewa inda wasu ke cewa “muka” da “suka”, kuma misalin da bai yi kama da maganar gidan yaro ba ba zai kama shi ba. Sai kuma an tattara ainihin kurakuran ɗalibai daga takardunsu, a ƙirga, a ga wanne ya fito daga Faransanci, wanne daga Hausa, wanne kuma daga jadawalin kansa. Wannan aiki ya isa kundin digiri na biyu fiye da ɗaya, kuma amfaninsa zai fita daga kantar ɗakin karatu ya shiga aji.

Nahawu bayanin yadda masu harshe ke magana ne, kuma duk inda suka yi shiru, dole nahawu ya bar wurin fanko. Ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa ba a cewa “jiya ya yaka” ya riga ya mallaki hankalin da zai hana shi rubuta “bewared”. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa hankalin guda ne, ya kuma ba shi izinin amfani da shi a darasin Ingilishi.